Ɓeran da ke kwance shuɗiyar waya

Zuwa ga Malama Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida iyayenki in suna raye, in sun riga mu Allah Ya jiƙan su. Ya aiki, ya zafi, ya haƙuri da jama'a? Ɗiyata, ki taimake ni don Allah. Na bari an ɗora wa wani bawan Allah laifin da ba nashi ba, kuma hanyar sauke mashi shi ta bi ta wurin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata, wadda ke koyarwa a Jangebe, ita ke rubuta wanga, ita ce kuma ke karanta mani filinki na jarida in ta zo gida. Na ce ta rubuta yadda nika faɗi, kada ta gyara mani baki. Ta ce to, amma sai an sake sunayen mutane. Wannan ya yi mani nauyi, don ni a garinmu riƙon sunaye ne aikina. In anka yi gardamar iyakar gona, ni ake kira. In ana son a san wa ya haifi wa, ko gonar wa ke kwance ƙarƙashin ruwan dam tun kafin a tare gulbi, wurina ake zuwa. Amma akwai suna guda da ban taɓa kamawa da bakina ba, shi ne sunan ɗana na fari.

Ƙila ke 'yar birni ce, bari in gaya maki. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukar shi gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Haka ubanmu ya yi da yayanmu, haka na tarar, haka na yi. Da anka yaye shi kakarshi ta tafi da shi Tsibiri, can ya girma. In zan yi zancenshi sai in ce wancan yaron, ko na Abuja, ga shi har furfura ta fara fito mashi. Kada ki ɗauka ƙiyayya ce. Na san rigar da ke jikinshi ranar da ya tafi makarantar kwana, ina bayan darni ina kallo har mota ta ɓace.

Ƙanena Bello shi ne tsakaninmu. In yaron zai kira gida, Bello yake kira. Shi kuma Bello ya san halina, sai ya buɗe muryar salula a zaure, ni in juya baya ina tufkar igiya kamar ba na ji. In ina da tambaya sai in faɗa wa bango, in ce ko ruwa ya sauka can? Bello ya ɗauka ya tambaya. Bara Allah Ya karɓi Bello. Tun daga nan yaron ya koma kiran autata ya tambayi lahiyata, ita ta kawo mani saƙo. Buhu na zuwa, magani na zuwa, gaisuwa na zuwa ta bakin wani. Muryar ce ba ta zuwa.

Da bazarar bana na yanke jiki na faɗi a ƙofar masallaci. Likita ya ce hawan jini, ya ce zafin ɗakina ma na ƙara mani. Yaron ya aiko anka kafa sola bisa rufi, da batura, da inbata mai juya wutar baturan, anka sa mani esi, injin nan mai hura sanyi. Sai wani abu da anka manna a bango kamar murfin kwano, mai fuskar gilashi da lambobi. Mutanen gida sunka sa mashi suna agogon sanyi. Shi ke gaya wa esi ya tashi ko ya kwanta gwargwadon zafin ɗaki, wai kuma shina haɗe da salular yaron, daga Abuja shina ganin zafin ɗakina, ya ƙara ya rage. Na ce ban so, kakanninmu da maficin kaba sunka tsufa. Ba wanda ya saurare ni.

Wanda ya yi aikin Zubairu ne, mai gyaran wuta daga Bakura, ɗan abokina marigayi Ɗanlami. Gonata da ta ubanshi jingine suke da juna kafin ruwa ya ci su duka biyu. Na san Zubairu tun shina goye.

Lalacewar farko, Allah Ya sani, ba hannuna. Wata rana da hantsi fuskar agogon ta yi baƙi, esi ya tsaya, mutanen gida duk sun tafi wurin suna. Sai 'yar salulata ta yi kuka, wadda ba mai kiranta sai auta. Na danna koren maɓalli. Malama, muryarshi ce. Ashe salularshi ta gaya mashi agogo ya ɗauke, ya nemi auta tana cikin aji, ya rasa wanda zai kira sai ni. Ya ce, "Baba, ina kwana?" Na ce lahiya. Ya ce in duba fuskar ko da haske, in danna ta, in je wurin inbata in gaya mashi fitilar kore ce ko ja. Na je, na dawo, ya sake aike na. Shina cewa, "Baba, bi a hankali, akwai dokin ƙofa." Daga nan ya tambayi ko an kwashe albasa, ko ruwan kanal ya ja baya. Ni dai daga to sai madalla. Da ya kashe, na zauna riƙe da salular a hannu har anka kira azahar.

Zubairu ya zo ya cire fuskar agogon. Ashe bayanta wasu siraran wayoyi ne, ja da rawaya da shuɗiya, kowace da ɗan sukurun da ya danne ta. Don girmamawa ya tsaya shina yi mani bayani. Ya ce ja ke kawo wuta daga wata 'yar taransifoma, shuɗiya ke cika mata hanya, in shuɗiyar ta saki sai agogo ya koma cin ɗan batirin cikinshi har ya ƙare ya mutu. Ita ce ta saki. Ya ɗaure ta, fuska ta kawo haske, ya hau babur ya tafi. Ni ga ni mutum ne da ba ya mance abin da ya gani. Da ma bai nuna mani ba.

Agogo ya zauna lahiya, ɗaki ya yi sanyi, salula ta yi shiru. Ina kwance cikin sanyin ina kallon lambobi na canzawa, na san hannunshi ne ke taɓa su daga can, amma ba a gaisawa da lamba. Ran nan da anka watse daga karin kumallo na jawo 'yar wuƙar da nika yankan farce da ita, na ɓalle fuskar yadda na ga an yi, na juya sukurun shuɗiya kaɗan, na mayar. Na koma bisa buzu na zauna. Sannu a hankali agogo ya mutu, zufa ta fara bin gemuna. Kafin la'asar salula ta yi kuka.

Kada ki tambaye ni sau nawa. Ban ƙirga ba, ko na ƙirga ma ba zan faɗa ba. Duk sanda na yi, yaron ya kira ni, sannan ya kira Zubairu, Zubairu ya taso daga Bakura bisa babur, ke kuwa kin san yadda hanyoyinmu suke a wanga zamani. Ba abin da bai gwada ba. Ya auna da mita. Ya sake fis. Ya ce ko batura ne ke sauka in rana ta yi ƙasa, ya duba, lahiyarsu lau. Ya sake 'yar taransifomar. Ya ce ƙila gara ta ci waya cikin bango, ya fasa bango ya ja sabuwa cikin bututun roba, ya yaɓe da hannunshi. Ni ina zaune ina ba shi shawara. Har na taɓa ce mashi ko iskokin gidan ne ba su son sanyi. Auta ta aje biro tana dariya a nan, na ce ta ɗauka, ba abin dariya ba ne.

Na ƙarshe wuƙar ta goce, bakinta ya haɗa ja da shuɗiya. Na ga ɗan tartsatsi, na ji ƙauri, shi ke nan komai ya ɗauke. Da Zubairu ya zo ya cire fuska, sai ya haska sukurun da tocila ya daɗe shina kallo. Kan sukurun duk ya cinye da sawun wuƙa. Ya dubi wuƙar, tana nan bisa buzu kusa da carbina. Ya dube ni. Sai ya sunkuyar da kai. Muna haka yaron ya kira shi, ya tambayi mi ya faru kuma. Zubairu ya ce, "Yallaɓai, ɓera ne." Ina jin muryar yaron daga inda nike zaune: "Ɓeran Bakura ne ke yawo da sukudireba?" Ya ce Zubairu ne ke sassauta waya da gangan don a riƙa kiran shi ana biyan shi, ya ce ya bar tsoho mai hawan jini cikin zafi saboda kwaɗayi. Zubairu ya ce Allah Ya huci zuciyarka. Ni kuma, wanda ake kira ya faɗi gaskiyar iyaka ko da ta ɗan'uwanshi ce, na yi ta jan carbi.

Yaron bai tsaya nan ba. Akwai wani zauren salula da 'yan ƙasarmu mazauna birni ke haɗuwa, can ya rubuta cewa kowa ya yi hattara da Zubairu. Su ne kuwa masu aiko da aikin sola gidajen iyayensu. Wani asibitin kuɗi a Maradun da anka riga anka yi magana zai haɗa masu wuta, sunka ba wani. Zubairu mutum ne mai iyali, ga uwa tsohuwa a hannunshi. Ran kasuwar Talata ya hango ni, ya sauko daga babur ya durƙusa cikin mutane, ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi yadda nika fama da zafi, ya ce zai aiko mani da 'yar fanka mai caji kafin a gyara. Ya aiko kuwa. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Yanzu yaron ya ce zai zo da Sallah tare da wani injiniya, a duba aikin, in ta tabbata ya kai Zubairu gaban hukuma. Tun da abin ya ƙone kuma bai sake kira na ba, ya koma wurin auta. Na rasa muryar, na rasa sanyin, na ɓata sunan ɗan Ɗanlami, ni da na yi alkawari a bakin kabarinshi zan duba mashi baya.

Ga tambayata. Shin injiniyan nan in ya duba zai gane hannu ne? Sannan in na ce karambani ne na tsufa ya sa na taɓa, ban faɗi dalili ba, ya wadatar? Ko in kai wa Zubairu a ɓoye ragon da nika kiwo, in roƙe shi ya ci gaba da haƙuri? Amma kada ki ce in zaunar da yaron in ce mashi ina kewarshi. Bakina ba zai iya ba, kuma har gobe ban yarda al'adar iyayenmu banza ce ba. Ki dai nemo mani wata hanya, Allah Ya yi maki albarka.

Tsoho mai zufa, daga ƙasar Mafara

*

Wa alaikumus salam, Baba. Na amsa gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. A gaishe mini da auta, ta rubuta yadda ka faɗa, ban taɓa ko kalma ba.

Mu fara da bango, shi ya fi sauƙi. Na kai bayaninka wurin wani mai gyaran wuta da na yarda da shi. Ya ce a sauke makunnin da ke ba esi da taransifomar wuta, a bar shi a sauke har mai gyara ya zo, kuma wuƙar nan ta koma aikin farce. Siraran wayoyin wutarsu kaɗan ce, amma wadda ke bayan taransifomar ba ta wasa ba ce. Ya ce haɗa ja da shuɗiya yakan tsinka fis ko ya ƙona taransifomar, sau da yawa agogon kansa yana nan da ransa, sai an auna za a sani. Game da tambayarka kuwa, amsarsa gajeriya ce: duk wanda ya san aiki, da ya haska sukurun zai ga hannu ne. Abin da ba zai gani ba shi ne hannun wa. Ka ga ke nan zuwan injiniya ba zai wanke Zubairu ba, ƙara ɗaure shi zai yi. Mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, kuma kafin Sallah ya kamata.

Ban ce al'adarku banza ce ba. Kunyar ɗan fari ta tarbiyyantar da mutane masu natsuwa, na kuma ga soyayyar da ke bayan darnin nan. Amma ka lura, iyayenmu da suka kafa ta ba su bar uba da ɗa haka kawai ba, kullum akwai wani Bello a tsakani. Naka ya rasu, ba a maye gurbinsa ba, sai ka ɗora aikinsa kan wata siririyar waya da bayan wani bawan Allah. Kunya ta hana ka kiran suna, ba ta ba ka izinin yin shiru ana zaluntar mutum a gabanka ba. Wannan haƙƙi ne, kai ma ka sani, shi ya sa fankar ta hana ka barci.

Ɗanka ma yana da nasa. Ya yi zargi ba tare da shaida ba, ya kuma kai shi bainar jama'a. Ya ɗauka ganin zafin ɗakin uba a salula ya isa a ce an duba shi. Sai dai ka yi masa adalci. Duk sanda agogon ya mutu, kafin la'asar ya kira. Mutumin da ke faɗa maka akwai dokin ƙofa a gidan da kai ka gina ba wai agogo ne ya dame shi ba. Kai ka koya masa cewa ba a kiran ka sai da dalili, shi ma dalilin yake jira. Fushin da ya sauke kan Zubairu tsoro ne, ya taɓa jin an ce ka faɗi a ƙofar masallaci.

Rago a ɓoye ba zai yi ba, Baba. Ba abinci aka ƙwace wa Zubairu ba, suna ne, kuma a fili aka ƙwace shi. Ka je Bakura da ƙafarka, ka same shi gaban mahaifiyarsa, ka faɗa da bakinka abin da ya riga ya sani, ka nemi yafiya. In ka ga dama ka tafi da ragon, amma a bayan magana zai shiga, ba a madadinta ba.

Batun karambani kuma ban ba ka shawara ba. In ka ce haka, Zubairu zai fita, amma ɗanka zai sa a rufe agogon cikin akwati da kwaɗo, ya ɗauka ruɗewar tsufa ta fara, kai kuma ka koma zama cikin sanyi da shiru. Ban ce ka zaunar da shi ba, ban ce ka kama sunansa ba, ban ce ka furta kalmar da bakinka ya ƙi ba. Kana da dabarar da ka daɗe da ita. Auta ta kira shi ta buɗe muryar salula a zaure, ka juya baya, ka ɗauki igiyarka, ka faɗa wa bango: ni na riƙa kwance wayar, Zubairu bai da laifi, na ga ba a kira sai in ta mutu. Iyakar abin ke nan. Ɗa ne, zai gane saura.

Daga nan ka umarce shi, wannan kam hurumin uba ne, ya koma zauren da ya ɓata Zubairu ya wanke shi da irin muryar da ya zarge shi, ya kuma kira mutanen asibitin Maradun da kansa. Ba sai ya faɗa musu dalilinka ba, ya isa ya ce ya bincika ya ga kuskuren daga gida yake. Injiniya ya sha zamansa a Abuja, Zubairu ne zai gyara abin da ya haɗa.

Saura dalilin kira, tunda ku biyun ba ku iya yi sai da shi. Ka ce gonakin da ke ƙarƙashin ruwa da sunayen masu su duk suna kanka. In ka tafi da su, sun tafi. Ka aika masa cewa kana son ya riƙa kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya karɓi wannan amana, gona bayan gona, tunda shi ne babba. Ka fara da taka da ta Ɗanlami. Wannan ba hira ba ce, gado ne, ba wanda zai ce ka karya al'ada. In a tsakiyar lissafin iyakoki ya tambayi ko ka ci abinci, sai ka ce madalla.

Shuɗiyar waya dai a bar ta inda Zubairu zai ɗaure ta. Ranar da Juma'a ta yi maka nisa, koren maɓallin nan da ka danna ran farko yana kira kamar yadda yake amsawa, auta za ta nuna maka.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuwa Bakura, Ya mayar wa Zubairu da sunansa da ninkin abin da ya rasa, Ya jiƙan Bello da Ɗanlami, Ya sa ku yi Sallah cikin sanyin ɗaki da na zuciya.

Ummulkhairi